Kafaɗar da ta goce ranar Asabar, kofin da aka ɗaga ranar Lahadi

Ranar Asabar 17 ga Yuni, 2023, a zauren wasanni na Lanxess da ke birnin Kolon a Jamus, ƙungiyar ƙwallon hannu ta SC Magdeburg ta kara da Basalona a wasan kusa da na ƙarshe na Gasar Zakarun Turai. Ana dab da tashi sai Gísli Kristjánsson, ɗan ƙasar Aisland wanda ke riƙe da akalar harin Magdeburg, ya kutsa tsakanin masu tsaro ya faɗi, kafaɗarsa ta dama ta goce. Da wannan hannun yake jifa. Aka fitar da shi yana murƙususu. Abokansa suka ƙarasa wasan ba shi, aka tashi 38 da 38 bayan ƙarin lokaci, suka tsallake a jifan raba gardama. Washegari Lahadi, a wasan ƙarshe da Kielce ta ƙasar Folan, sai ga Gísli a fili. Ya jefa ƙwallo shida a raga, Magdeburg ta ci 30 da 29 bayan ƙarin lokaci, aka kuma ba shi kambin gwarzon ɗan wasa na waɗannan kwana biyu. Bayan haka aka yi masa tiyata, ya shafe watanni yana jinya.

Duk wanda ya san wasan zai tsaya ya yi tunani. Ƙwallon hannu wasan jifa ne. Filin mita 40 ne a tsawo, 20 a faɗi. Ragar mita 3 ce a faɗi, 2 a tsayi, kuma a gabanta akwai da'ira mai nisan mita 6 wadda ba mai taka ta sai mai tsaron gida. Masu tsaro shida kan jeru a bakin wannan da'ira kafaɗa da kafaɗa. Shekaru da yawa abin da aka sani shi ne a nemo ƙato mai ƙarfin dantse, ya yi tsalle daga mita 9 ko 10, ya narka ƙwallo ta saman kawunansu. Haka aka san Filip Jícha mai tsayin sama da mita 2, haka László Nagy wanda ya fi shi tsayi, haka Nikola Karabatić. Da irin waɗannan zaratan ƙungiyar THW Kiel ta ci dukkan wasanninta 34 na gasar Jamus a kakar 2011 zuwa 2012, ba ko canjaras ɗaya. To ta yaya mutumin da ba zai iya ɗaga hannu ya wurga ƙwallo da ƙarfi ba zai fi kowa a wasa mafi girma na ƙungiyoyin Turai? Ƙari a kan haka, Magdeburg ta zo Kolon ba tare da Ómar Ingi Magnússon ba, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Jamus ta 2021, domin yana jinyar ƙafa. Ruwa ba ya tsami banza.

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutane ita ce jarumta da maganin kashe zafi. Ba na raina wannan ko kaɗan, domin ba kowane ɗan wasa ne zai yarda ya koma cikin turmutsitsin masu tsaro da kafaɗar da ta fita jiya ba. Amma jarumta tana bayyana dalilin da ya sa ya shiga fili ne kawai. Ba ta bayyana yadda ƙwallon ta riƙa shiga raga ba, alhali Andreas Wolff ne a gidan Kielce, ɗaya daga cikin masu tsaron gida mafi wuyar ci a duniya. Kuma ba ta bayyana abin da ya gabata da abin da ya biyo baya ba. Magdeburg ta ci gasar Jamus a 2022, karo na farko tun 2001, ta sake ci a 2024. Ta ɗauki kofin ƙungiyoyin duniya a Saudiyya sau uku a jere, 2021, 2022 da 2023, biyu daga ciki a hannun Basalona. Ta sake ɗaukar kofin Turai a 2025. Abin da ya maimaitu haka ba zafin zuciyar dare ɗaya ba ne.

Sai a ce ko tsaro ne da mai tsaron gida. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan ba. Ƙungiyar da aka zura mata 38 ranar Asabar, wadda kuma ta doke Basalona 41 da 39 a Dammam a 2022, ba da toshe gida take cin abinci ba. Tana barin a ci ta, ita kuma ta ci fiye da haka. Asirin yana gaba, wajen hari.

A wajen hari kuwa, abu na farko da ake zargi shi ne gudu. Tun da aka sassauta dokar ɗaukar ƙwallo daga tsakiya bayan an ci, ta yadda ba sai an jira abokan hamayya sun koma gidansu ba, wasan ya ƙara sauri ƙwarai. Ƙungiyar Lemgo ta ci gasar Jamus a 2003 da wannan dabara, ana cin su sai su rama kafin masu murna su juyo. A 2022 hukumar ƙwallon hannu ta duniya ta ƙara zana da'ira mai faɗin mita 4 a tsakiyar fili, wadda ɗan wasa zai iya ɗaukar ƙwallo a cikinta yana gudu. Magdeburg tana gudu, gaskiya ne. Sai dai kowa yana gudu yanzu, kuma Basalona ba ta bin kowa a baya a wannan fanni. Abin da ya bambanta Magdeburg yana bayyana ne a lokacin da gudun ya ƙare, masu tsaro shida suka tsaya daram a wurarensu, aka ce to bismilla.

A nan ne aka fi nuna yatsa ga dabarar da ta fi kowace jawo gardama a wannan zamani, wato bakwai a kan shida. Daga ranar 1 ga Yuli, 2016, doka ta yarda ƙungiya ta fitar da mai tsaron gidanta ta saka ɗan wasa na bakwai ba tare da ya sanya riga ta daban ba. Lissafin a fili yake: mahara bakwai, masu tsaro shida, dole mutum ɗaya ya zama ba mai kula da shi. Dabarar tana aiki, kuma akwai shaida. Fotugal ta koci Paulo Pereira, wadda ta gwanance a kanta, ta doke Faransa 28 da 25 a gasar Turai ta 2020. Tsibiran Faro, waɗanda duka mutanensu ba su kai dubu 60 ba, sun riƙe Norwe 26 da 26 a Balin a Janairun 2024 da irin wannan wasa. Amma a lura da su wane ne suka fi rungumar ta. Galibi waɗanda suka san ba za su iya da abokin karawa shida da shida ba ne. Farashinta kuma mai nauyi ne, domin duk ƙwallon da ta kuɓuce ko mai tsaron gida ya cafke, za a wurga ta daga nesa ta faɗa ragar da ba kowa a ciki. Tana kuma rage saurin wasa, saboda kowane hari sai an yi musayar mutum a gefen fili. Da aka duba wasannin Magdeburg sai aka ga wannan ba shi ne abincinta ba. Tana fitar da mai tsaron gida idan an kori ɗan wasanta na minti biyu, kamar yadda kowa ke yi, amma a yawancin lokaci shida da shida take wasa. Wannan zargi ma ya faɗi.

Saura manyan makarantu biyu na tsohon yayi. Ta farko ita ce ta tsararrun dabaru, inda 'yan layin baya uku ke gilma wa juna, wannan ya bi ta bayan wancan, a ruɗa masu tsaro har a sama wa ƙaton mai jifa taki biyu ko uku na sarari a mita 9. Ta biyu ita ce ta Sifaniyawa, wadda Juan Carlos Pastor ya ci kofin duniya da ita a Tunisiya a 2005. Ita ta dogara ne ga ɗan da'ira, wato wanda ke tsayawa a cikin masu tsaro ya ba raga baya. Ɗan baya ɗaya da ɗan da'ira sukan haɗu su kama masu tsaro biyu, idan mai tsaro ya fito sai a cusa ƙwallo ga na ciki. Julen Aguinagalde ya yi suna a wannan aiki, kuma Talant Dujshebaev, kocin Kielce da Magdeburg ta doke, ya yi shekaru a Sifaniya yana wasa yana horarwa. Wasan Sifaniyawa yana da kyawun kallo, ni kaina ina sonsa. Amma Magdeburg ba ta yawan gilmawa, kuma duk da tana da ɗan da'ira nagari, Magnus Saugstrup na Denmak, ba a kansa aka gina gidan ba.

Bakin zaren yana wurin da 'yan kallo ba su cika dubawa ba. Ido yakan bi ƙwallo da hannun mai jifa. Wanda ya sauke idonsa ya dubi ƙafafun mai jifa a daidai lokacin da ƙwallo ta bar hannunsa zai ga wani abu dabam. 'Yan layin bayan Magdeburg, waɗanda a al'ada su ne masu jifan nesa, ba sa jifa daga nesa sai idan ya zama dole. Kusan kullum sai sun keta sun isa bakin da'ira, su yi tsalle zuwa cikinta, su saki ƙwallo kafin su sauka, a nisan mita 5 ko ƙasa da haka daga mai tsaron gida.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci haka? Domin jifa ba ɗaya ba ne. A manyan gasa, jifan nesa da ake yi ta saman masu tsaro bai cika kai rabi yana shiga ba. Mai tsaron gida yana da lokacin gani, kuma masu tare da hannu sun rufe masa kusurwa ɗaya, shi ya tsare ɗayar. Jifan wanda ya keta ya iso bakin da'ira kuwa yakan shiga kamar bakwai cikin goma, jifan mita bakwai da ake bayarwa idan an yi ƙeta kuma kusan uku cikin huɗu. Mu ɗauki misali kawai: ƙungiyoyi biyu kowacce ta yi jifa 20 daga 'yan bayanta. Wadda ta tsaya nesa za ta tashi da 9 ko makamancin haka, wadda ta matso ta tashi da 14. A wasan da ake rabuwa da ƙwallo ɗaya, kamar yadda aka rabu a Kolon, wannan tazara ta isa ta raba mai kofi da mai kallon kofi.

Da an gane haka, batun kafaɗar ya warware da kansa. Daga mita 10 ana buƙatar dukkan ƙarfin kafaɗa da baya. Daga mita 5, wuyan hannu da yatsu sun isa, abin da ake nema shi ne a karanta inda mai tsaron gida ya karkata. Aikin Gísli na gaske yana ƙafafunsa da ƙugunsa: ya karɓi ƙwallo yana cikin gudu, ya nuna hagu, mai tsaro ya ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya, shi kuma ya bi ta dama. Ranar Asabar kafaɗa ce ta goce, ƙafafun nan lafiyarsu ƙalau. Haka kuma rashin Ómar bai rushe ginin ba, domin wanda ya maye gurbinsa, Kay Smits ɗan ƙasar Holan, bahago ne irinsa, ba dogo ba, mai keta irinsa.

Sai dai wannan amsa ta haifi wata tambaya da ta fi ta wuya. Ai ba yau aka san cewa jifan kusa ya fi na nesa shiga ba, yaro ma ya sani. Me ya hana manyan ƙungiyoyi yin haka tun da can?

Abin da ya hana su shi ne kuɗin shiga. A da, wanda ya ce zai keta tsakanin ƙattai biyu, rungume shi za a yi a ƙasa a danne, alƙalin wasa ya busa ya ba da jifan mita 9, a sake sabon lale, shi kuma ya tashi da tsamin jiki. A hankali hukunci ya tsananta. Riƙo daga baya, jan hannun mai jifa, ture mutum yana sama, bugun fuska, duk yanzu korar minti biyu ce, wani lokaci jan kati. Mai tsaro kuma idan ya taka cikin da'ira don ya tare wanda ya sami hanya, jifan mita bakwai ne. Saboda haka mai keta a yau yana da ƙofofi da yawa. Ko ya wuce ya ci, ko a kayar da shi a ba da mita bakwai, ko a kori mai tsaro, ko mai tsaro na biyu ya baro wurinsa ya kawo ɗauki, shi kuma ya miƙa wa wanda aka bari. Mafi ƙaranci a tsayar da shi da halal, ƙwallo ta ci gaba da zama a hannun ƙungiyarsa.

Abin da kocin Magdeburg Bennet Wiegert ya yi shi ne ya gina komai a kan wannan. Ɗan garin Magdeburg ne, mahaifinsa Ingolf Wiegert yana cikin waɗanda suka ci wa Jamus ta Gabas zinare a gasar Olamfik ta 1980. Ya karɓi ƙungiyar a Disambar 2015, kuma sai da ya shafe fiye da shekara shida kafin ya ci gasar ƙasa, domin irin 'yan wasan da yake nema sai an tsinto su ɗaya bayan ɗaya. Gísli ya zo ne daga Kiel a farkon 2020, inda rauni da cunkoson manya suka hana shi sakewa. Ómar, mai tsayin kimanin mita 1.86, ya zo daga Aalborg a wannan shekarar. A ma'aunin da, ba a yi musu kallon manyan 'yan baya. Tsarin kuwa ba shi da ado. 'Yan gefe biyu su maƙale a kusurwoyi don su ja masu tsaron gefe waje. Ɗan da'ira ya koma ɓangare ɗaya ya riƙe mutum biyu. Abin da ya rage a ɗaya ɓangaren shi ne mahari ɗaya da mai tsaro ɗaya da sarari mai faɗi a hagunsa da damansa. Daga nan abin ya zama kamar kokawa a dandali, an share fili an bar mutum biyu, wanda ya riga gane inda nauyin ɗan'uwansa ya karkata shi ke kayarwa.

Akwai wata riba da ba ta fitowa a allon sakamako. Wasan gilmawa da na cusa wa ɗan da'ira suna buƙatar miƙa ƙwallo da yawa, wasu ta tsakanin hannayen masu tsaro. Kowace miƙawa ƙofa ce ta ɓarna, kuma ƙwallon da aka ƙwace ita ce ke zama harin gaggawa, wanda kusan ba a kuskure shi. Mai keta yana riƙe da ƙwallonsa har ya isa. Ƙarancin miƙawa ya kawo ƙarancin ɓarna, ƙarancin ɓarna ya hana abokin hamayya cin banza.

Ko dokar jan ƙafa, wadda za a ɗauka makami ce a kan masu ƙin jifan nesa, ba ta kama su yadda aka zata ba. A 2016 aka ce idan alƙali ya ɗaga hannu yana gargaɗi, miƙawa shida ta rage kafin a yi jifa. A 2022 aka rage zuwa huɗu. Amma mai keta miƙawa ɗaya ko biyu yake buƙata, kuma idan ya sa aka hukunta mai tsaro, gargaɗin ya goge, hari ya dawo sabo.

Amsa ba ta tabbata sai an gwada ta a wani wuri. Denmak ta koci Nikolaj Jacobsen ta ci kofin duniya sau huɗu a jere, 2019, 2021, 2023 da 2025, abin da ba wata ƙasa ta taɓa yi a gasar maza. A farko Mikkel Hansen ne jigonta, mai jifan nesa da ba a cika samun irinsa ba. Da ƙarfinsa ya fara ja baya, maimakon ƙungiyar ta raunana sai ta ƙara kaifi, domin akalar ta koma hannun Mathias Gidsel da Simon Pytlick, sirara masu saurin ƙafa. A wasan ƙarshe na Olamfik ta 2024 suka lallasa Jamus 39 da 26. Sannan a Yunin 2025, ƙungiyoyin da suka haɗu a wasan ƙarshe na Turai su ne Magdeburg da Füchse Berlin inda Gidsel ke wasa. Magdeburg ta ci 32 da 26, aka sake zaɓen Gísli gwarzo.

Ba ina cewa jifan nesa ya mutu ba ne. A gasar Turai ta 2024, lokaci ya riga ya cika, Faransa tana bayan Suwidin da ƙwallo ɗaya, Elohim Prandi ya wurga jifan kai-tsaye ta gefen katangar masu tarewa ya farke, Faransa ta wuce ta je ta ɗauki kofin a hannun Denmak ɗin nan. A shekarar kuma Aalborg ta tare wa Magdeburg hanya a Kolon ta doke ta 28 da 26, Basalona ta ɗauki kofin. Idan masu tsaro suka ja baya suka cunkushe bakin da'ira, alƙali kuma ya bar jiki ya haɗu da jiki, ƙungiyar da ba ta da mai jifa ko ɗaya takan sha wahala. Akwai kuma abin da ya fi damuna. Mutumin da zai jefa kansa tsakanin ƙattai sau goma sha a kowane wasa, wasa biyu a mako, jikinsa ne ke biya. Kafaɗar Gísli ba a Kolon ta fara gocewa ba. Masu ƙorafi kan cewa masu keta suna wuce taki ukun da doka ta yarda ba a busa musu, su ma suna da hujja, kuma wajibi ne alƙalai su riƙa ƙirga taki da irin tsananin da suke ƙirga riƙo.

Duk da haka, idan aka jera tsare-tsaren nan a ma'auni ɗaya, hukuncina shi ne keta ɗaya da ɗaya ya fi sauran riba a dokokin yau. Bakwai a kan shida magani ne na wanda aka fi ƙarfi, wasan ɗan da'ira yana buƙatar gwanaye biyu da suka daɗe tare, jifan nesa kuma ya dace a ajiye shi don lokacin da ƙofa ta rufe. Wannan ya shafe mu, domin ana buga ƙwallon hannu sosai a Kano da Sakkwato, kuma matan Nijeriya sun taɓa cin kofin Afirka a 1991 har suka je Olamfik ta Basalona a 1992. Ga masu horar da yaranmu ina da roƙo: kada a sallami yaro don ba shi da tsayi ko dantse kafin a ga ƙafafunsa. A wasa na gaba kuma a sa mutum ɗaya ya zauna da takarda da biro, ya rubuta daga ina aka yi kowane jifa da ko ya shiga, sannan a tsara atisayen mako a kan abin da takardar ta nuna.